Takaba da Ciki Wata Bakwai

Sallama gare ku 'yan uwana mata, har da mazan da ke laɓewa suna saurare, na san kuna nan. Wadda ba ta san ni ba, sunana Baiwa, 'yar Matameye gaba da baya. Ku gyara zama, amma don Allah mai tari ta ɗan matsa can. Ba wulaƙanci ba ne, in kun ji abin da ke bakina za ku yi mini uzuri.

A kakar da nake ba ku labari hatsi ya yi, dammuna jibge a gonaki, sai dai babu masu ɗauka. Mura ta shigo gari. Kada ku ji na ce mura ku zaci irin wadda ake sha wa kunun kanwa da citta a miƙe ce. Wannan sai ka ga ƙato ya fita da safe yana raha, da la'asar ya kwanta, kafin a farga leɓensa ya yi shuɗi kamar ya kurɓi ruwan baba. Na san kalar nan sarai, don maigidana marini ne. Gardawan Nasara, dogaran Turawan mulki, su ne suka zo neman 'yan dako zuwa bariki a Damagaram, aka haɗa da shi. Ya dawo ƙafa a kumbure, tari a ƙirji. Bai ga wata Juma'ar ba.

Isufu sunansa. Kun ga yau na faɗa. Yana da rai ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, yanzu kuwa ina faɗarsa a ɓoye don kada ya ɓace mini. Ya bar ni da ciki wata bakwai, cikin fari, kuma shi ke nan abin da ya bari a duniya in ban da hannayen riga masu shuɗin baba.

To ga ni a tabarma, a ƙofar ɗakin uwarsa wadda nake kira Gwaggo, ina takaba. Baƙin zanen saƙi da ya koɗe ɗaure a ƙirji, wani a lulluɓe. Ba kwalli, ba lalle, ba turare. Kitson doka da aka yi mini wanda har kasuwa ake waiwayensa an tsefe shi, kaina kamar sheƙar angulu. Mundayena da duwatsun wuyana da 'yan kunnena duk suna cikin ƙwarya an kife faifai. Aka damƙa mini 'yar wuƙa aka ce kada ta bar hannuna, aka ce in yi magana ƙasa-ƙasa, in yi tafiya sannu-sannu, kuma ƙafata kada ta tsallake zaure sai na sauka lafiya. Ni Baiwa da ake jin muryata daga rijiya, ni ce aka ce in yi magana ƙasa-ƙasa. Allah dai Ya ga zuciyata.

Masu gaisuwa kuwa ba sa yankewa. Kowacce ta zo ta durƙusa dab da ni, ta kama hannuna.

"Ya haƙuri, Baiwa?"

"Sai godiya."

Sai ta juya ta yi tari cikin mayafi, ta miƙe ta nufi randa, ta sha da moɗar da kowa ke sha. Daga gidanmu su wuce gidan wani rashin, daga can su dawo namu. A garin nan in ba ka je gaisuwa ba an yi ta yi da kai ke nan har jikokinka, saboda haka har masu jin jiri sai sun dafa bango sun zo.

Mutum ɗaya ce in ta shigo nake jin sanyi, Zainabu matar maƙerin da muke katanga ɗaya da su. Ƙawata ce tun muna tallar gyaɗa, kuma wata ɗaya muka ɗauki ciki. Ta zo da jan zanenta mai ratsin fari, tana tafiya tana turo ciki gaba, ta zauna ta raɗa mini a kunne.

"Ke, in na haifi mace kika haifi namiji, saniya ce sadakin. Kada ki ce ban gaya miki ba."

"A takaba nake, 'yar banza, kada ki sa ni dariya."

"Yi abarki cikin mayafi, wa ya gani?"

Ta ja hanci. Na dube ta.

"Sanyin kaka ne," ta ce. "Daina kallona haka."

Ranar da la'asar Iya Tanna ta zo. Ita ce ungozomar unguwarmu, ita ta yanke mini cibiya. Ba ta zauna cikin mata ba, sai ta yafito ni bayan ɗaki, ta wanke hannu da toka, ta shafa cikina sama da ƙasa. Ɗan ya harbe ta. Ko murmushi ba ta yi ba, tsohuwar da ba ta iya taɓa ciki ba ta yi wa mai shi tsiya ba.

"Baiwa, ban zo miki da daɗin baki ba. Tun da abin nan ya shigo, duk gidan da aka kira ni ba lokacin ba ne. Mai wata shida, mai wata takwas. Zazzaɓi ya hau, naƙuda ta biyo shi. Ɗan ya faɗo bai ƙosa ba, wani ya yi kuka ɗaya, wani ko motsi."

"Uwayen fa, Iya?"

"Mai ciki dama rabin numfashi gare ta, ciki ya tokare ƙirji. Murar ta zo ta karɓe ɗaya rabin."

"Babu wadda ta tashi?"

"Akwai. Yawancinsu hannu wofi suka tashi."

Na dafa rumbu.

"To wa murar ta bari?"

"Matan da ke can bukkokin gona suna jiran hatsi. Ba su je wa kowa ba, kowa bai je musu ba, ga su nan garau da cikinsu. Ni ba malama ba ce, abin da idona ya gani nake faɗa. Tana bin taro, tana bin numfashi, tana bin moɗa da ludayi. In da hali ki bar garin nan. In babu, kada bakinki ya taɓa abin da bakin wani ya taɓa. Ko na uwarki."

Daga ranar na ware ɗan ƙoƙona, na rataye shi a wuya da zare. Gwaggo ta gani. Doguwar mace ce, baƙa, mai tsagar gado a kumatu, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ka sai ka ji kamar ka yi sata.

"Yau kuma ƙyamarmu ake yi?"

"A'a Gwaggo, Iya Tanna ce ta ce..."

"Ɗana ya mutu a hannuna, bakinsa a kafaɗata. Ga ni zaune."

Amma ban cire ƙoƙon ba.

Yanzu bari in kawo muku wanda na san kuna jira, don na ga wasunku sun fara gyara ɗankwali. Muntaka. Shi ne farkon wanda ya taɓa tsayar da ni a dandali, tun ƙirjina bai cika ba. Shekarar babbar yunwa ya kora jakuna kudu neman hatsi, ya ce mini damina ɗaya. Damina ta wuce, wata ta bi ta, shiru. Ni kuwa ba 'yar zaman jira ba ce. Isufu ya fito, ya kwanta mini a rai, na ce ina so, babu wanda ya tura ni. Muntaka ya dawo ya tarar an kai ni ɗaki. Bai yi faɗa ba, bai yi aure ba, ya ci gaba da fataucin kanwa da jakunansa, in mun haɗu a hanya ya sunkuyar da kai ya ba ni wuri.

Kun san namiji ba ya tsayawa da mai takaba, balle wanda gari ya san tarihinsa da ita. To ku ji dabarar mutumin nan. Bayan azahar ina bayan ɗaki ina kaɗi, inda dangar kara ta raba gidanmu da lungu, sai na ji takun jaki ya tsaya. Sai murya, wadda ko cikin kasuwar Matameye aka jefa ta zan tsince ta.

"Auraki, tsaya mana. Kai ba ka da hankali, amma ka fi wasu jin magana. Ka tuna abin da muka tarar a Ɗan Barto? Gida guda, masu ciki biyu, ramuka huɗu."

Mazarin ya tsaya a hannuna. Zuciyata kuwa kamar ana sussuka a ciki. Akwai wata kazar Gwaggo wake-wake tana tono kusa da ƙafata. Na ce a raina, in shi ya iya magana da jaki, ni ma ai ban rasa abokiyar hira ba.

"Ke kaza, kin ji wani mai jaki yana wa'azi a lungu?"

Na ji ya yi ajiyar zuciya.

"Auraki, ka gaya wa kazar, akwai wata tsohuwa Shekara a bukkokin gona bayan ƙauyen Yauri. Ta ce a kawo mata jikarta. Mun gyara jinkar bukka ɗaya, mun kai tulu da hatsi da gishiri. Ban shiga ba, daga bakin gona na tsaya muka yi magana da ƙarfi kamar masu faɗa. Tun da aka fara yankan hatsi baƙo bai taka wurin ba."

Shekara kakata ce, uwar Innata. Ashe har can ya je. Maimakon in gode, sai na ji wani abu ya taso mini, kun san halina, in na tsorata sai bakina ya yi kaifi.

"Kaza, tambayi mai jakin, mece ce ribarsa? Gari duk ya san in cikin nan ya faɗi yau, iddata ta ƙare yau, gobe ma yana iya aikowa. In kuwa na tsira da shi, sai ya jira haihuwa, ya jira wanka, ya jira yaye, ɗan wani goye a bayana. Ya bar ni a tabarmar mana, murar ta yi masa aiki."

Wallahi da na faɗa sai da na so in haɗiye harshena.

"Auraki," ya ce, muryar ta dushe, "jira dai na iya shi, da tsada na koya. Abin da ban iya ba shi ne in tsaya a bayan dangar nan in ji an fito da ita a makara. Ɗan kuma ba na wani ba ne. Nata ne. Kullum da hantsi za mu bi ta ƙofar gidan nan, ni da kai, da shimfiɗa a bayanka. Ran da aka buɗe, an buɗe."

Takun ya yi nisa. Na kife fuska a gwiwa na yi kuka, kazar tana tsattsagar audugata. Ba zan ɓoye muku ba, ina son sa, ban taɓa dainawa ba. Kuma kukan mijina da nake yi na gaske ne. Duka biyun a ƙirji ɗaya suke, ga ɗa a ƙarƙashinsu yana neman wurin juyawa.

Washegari Innata ta zo da tuwon dawa a akushi, sanye da baƙin zanenta na zuwa gaisuwa. Na ga ita da Gwaggo suna zaune tabarma ɗaya, na ce yau ko a yi ta ko a fasa. Na durƙusa na faɗi maganar Iya Tanna, na faɗi bukkar Kaka Shekara. Ban ambaci mai jaki ba, amma Inna ba yarinya ba ce.

"Wa zai kai ki?"

Na sunkuyar da kai.

"Na ce wa zai kai ki? Rufe mana baki, Baiwa. Ƙasar kabarin mijinki ba ta bushe ba, a gan ki a kan jakin Muntaka da cikin wani? Ubanki ya bi ta ina ya shiga masallaci? Ƙannenki mata wa zai aure su?"

"Inna, rai ake magana."

"Rai na hannun Allah. Wadda ta zauna da wadda ta gudu duk Shi ke da su."

"Iya Tanna ta tambayi liman. Ya ce mai tsoron halaka tana iya ƙaura ta ƙarasa takabarta a can."

Sai a lokacin Gwaggo ta buɗe baki, ba ta ko dube ni ba.

"Liman bai haifi Isufu ba. Ɗana ya fita ta ƙofar nan a kan makara. Abin da ya rage mini nasa yana cikinki. In ya fita a kan jakin wani namiji, na san ba zai dawo ba. Za a haife shi can, a raɗa masa suna can, ya tashi yana ce wa mai kanwa baba. A ɗakin nan aka binne cibiyar ubansa, nan za a binne tasa."

Ku gaya mini, me zan ce da wannan? Ba mugunta ba ce. Tsoro ne irin nawa, sai dai nata ya kalli wani gefen. Na koma tabarmata. Da hantsi na ji takun jaki ya wuce ta ƙofar gida a hankali, ya tsaya kaɗan, ya ci gaba.

Zainabu ba ta sake shigowa ba. Da farko tarinta muke ji ta katanga, busasshe, kamar ana kankare ƙwarya. Maƙerar mijinta ta yi shiru. Sai wata safiya tarin ya koma nishi, nishin da kowace mace ta sani ko ba ta taɓa haihuwa ba. Aka aika neman Iya Tanna, aka ce tana wani gidan a bakin kasuwa, can ma haka ne. Gwaggo ta ɗaura ɗamara da gyale ta fita.

Ni kuwa aka bar ni jingine da katangar, wuƙa a hannu ɗaya, ɗayan a kan cikina. Ina jin komai. Ina jin Gwaggo tana cewa, "Yunƙura, 'yar nan, yunƙura." Ina jin Zainabu tana neman iskar da za ta yunƙura da ita, babu. Wajen azahar na ji wani siririn kuka, kamar na 'yar kyanwa. Na ce alhamdu lillahi. Ban rufe baki ba kukan ya tsaya. Na kasa kunne har wuyana ya ƙage, bai dawo ba. Rana ba ta faɗi ba mata suka ɗauki salati.

Gwaggo ta dawo zanenta duk ya ɓaci. Ta tsuguna bakin randa tana wanke hannu, ta wanke, ta sake wankewa. Ta zo ta zauna nesa da ni kaɗan, abin da ba ta saba ba.

"Mace ce," ta ce. "Har da gashinta. Tafin hannuna ɗaya ya ɗauke ta."

Ta ci gaba.

"Uwar ta tambaye ki. Ta ce a gaya miki ta yafe miki saniyar. Ban san me take nufi ba, ƙila zafin zazzaɓi ne."

Na cusa mayafi a baki don kada a ji ni a lungu. Ko jana'izarta ban je ba, mai takaba ba ta fita.

Kwana biyu Gwaggo ba ta ce mini ci kanki ba. Masu gaisuwa in sun zo sai ta tare su a zaure ta ce na kwanta. Na lura ta daina cin goro, ta daina zama a rana. Na ɗauka baƙin ciki ne. Ni ma nawa ya ishe ni, ban duba da kyau ba.

Ran kasuwa da sassafe na ji ta kira Illa, ƙanin maigidana, wanda shi ne namijin gidan yanzu.

"In mai jakin nan ya zo wucewa ka tsayar da shi. Kai za ka ja akalar har Yauri. Shi ya bi ku a baya, nesa, kada inuwarsa ta taɓa ta."

Na fito daga ɗaki ban yarda da kunnena ba. Ta riga ta ɗaure mini kaya a tsumma: zane biyu, kanwa, daddawa, tsohuwar rigar Isufu wadda ta ce a naɗe jaririn a ciki. Tana zaune a kan turmi, ƙwaryar fura a gabanta, damammiya da nono, ta sha citta da barkono. Ludayi ɗaya ne a ciki, nata, mai ɗinkin zare a wuya.

A gidan nan haka mata ke ƙulla magana. Babu rantsuwa, babu shaida. Babba ta sha, ta miƙa wa ƙarama ludayin, ta sha a inda ta sha. Da shi aka karɓe ni ranar da aka kawo ni amarya. Wadda ta ƙi ludayin ta ce ke nan ba ta gidan.

"Zauna," ta ce.

Na durƙusa. Ƙoƙona yana lilo a wuyana.

"Na ga abin da na gani a gidan maƙeri. Ba zan ɗauki jikana a tafin hannu ɗaya ba. Ki tafi. Amma ki sha ki ce mini za ki dawo da shi gidan ubansa, ya san ɗakin da aka haifi Isufu. Bayan nan ki auri wanda kika ga dama, ba ruwana."

Ta ɗebo ta kurɓa, ta sake ɗebowa ta miƙo mini.

A nan ne na gan ta da kyau. Furar na ɗiga daga ludayin. Gumi ya tsattsafo a goshinta da sanyin safiyar nan. Idanunta sun yi ja, suna ƙyalli. Maƙogwaronta yana hawa yana sauka, tana danne wani abu.

"Gwaggo, bari in zuba a ƙoƙona."

Fuskarta ta canja.

"A ƙoƙonki. To ashe dai guduwa za ki yi."

"Wallahi zan dawo da shi."

"Baki kowa na da shi. Illa, in mutumin ya zo ka ce ya wuce."

A waje na ji takun jaki ya tsaya. Ɗan ya motsa a cikina, ya tokare ni a haƙarƙari. In na ƙi, tabarma ce da masu tari har ranar da nawa nishin zai tsallaka katanga. In na sha, ga abin da nake gudu a bakin ludayi. Na tuna Iya Tanna, ko na uwarki. Na tuna kukan 'yar kyanwa. Na ce a raina kurɓi ɗaya ne, Allah Kana gani, ƙila gajiya ce kawai ke damun tsohuwar.

Na karɓa da hannu biyu. Na kai baki.

Tarin ya ƙwace mata. Ya fito daga can ƙasan ƙirji, ya naɗe ta gida biyu, irin na Isufu sak, irin na Zainabu. Ta ɗago, ta dubi tafin hannunta, ta dube ni, na ga lokacin da ta gane. Ban taɓa sanin tsohuwa na da zafin nama haka ba. Ta kai wa ludayin mari, ya tashi ya bugi rumbu ya rabe biyu, fura ta wanke mini zane.

"Kin sha?"

Ba ta jira amsata ba.

"Tofar. Tofar, na ce. Tashi ki fita mini daga gida, kada ki matso ni. Na yafe alkawarin, na yafe komai, ki dai fita da shi."

Ta zame daga kan turmin. Illa ya yi tsalle ya tare ta. Na yunƙura zan kama ta, ta ɗaga mini hannu kamar mai korar akuya daga shanya.

"Baiwa, tafi," Illa ya ce. "Ba zan iya barin ta ba. Tafi kawai."

Haka na tsallake zauren da aka ce kada in tsallake, ni kaɗai, ba rakiya, kaina ba kitso, zanena jiƙe da fura, wuƙar takaba a hannu. Ran kasuwa, rana tsaka-tsakin hantsi. 'Yan tsirarun da suka fito da kaya suka tsaya suna kallo. Na ga wata maƙwabciyar Innata ta riƙe haɓa. Kafin azahar labarin zai kai masallacin Babana, na sani.

Muntaka ya sunkuyar da kansa gefe, ya kawar da fuska har na hau. Ya ƙara wa akalar igiya doguwa don ya yi nisa da ni, ya naɗe hanci da baki da rawani. Bai tambayi dalilin da na fito ni kaɗai ba. Tarin da ke fitowa daga gidan ya ba shi amsa.

Muka fita gari ta hanyar Yauri. Muka wuce maƙabarta, inda sabuwar ƙasa ta yi jere kamar kunyoyin dankali, ƙanana a tsakanin manya. Muka shiga gonaki, karan hatsi a tsaye, dammuna a yashe, tsuntsaye suna biki. Iska mai daɗi, ba tari ko ɗaya. Ɗan ya lafa, sai ɗan motsi kaɗan-kaɗan kamar yana jin daɗin tafiyar jakin.

Sai da garin ya ɓace a bayanmu ya yi magana, bai waiwayo ba. Muryarsa har rawa take don murna.

"Auraki, mun fito da ita. Mun fito da su duka biyu. Saura abu ɗaya ka tambayar mini, hankalina ya kwanta. An dai kiyaye maganar Iya Tanna ko? Bakinta bai taɓa na kowa ba?"

Na lashi leɓena. Tsamin nonon yana nan, da yajin citta, har can bayan harshena inda tofi ba ya kaiwa.

Babu kazar da zan aika. Na dafa cikina da hannu biyu, na dubi bayan mutumin da ke ja na.

"An kiyaye," na ce.